Ba daƙiƙiya ba ce, allon ne ba ta gani

Kafin ka ci gaba da karatun nan, ɗan ɗaga kanka daga waya ka duba: ina ƙaninka yake? Ke ma ina ƙanwarki, ko ɗan yayarki da aka bar miki ki kula da shi? Idan yana can kwance a kan kujera da wata wayar dab da hancinsa yana kallon katun, to da ku nake. Ba kuma wa'azi na zo yi muku ba, don ni ma na aikata, a gidanmu ne ma abin ya faru.

Autarmu shekararta takwas. A Islamiyya ba a wuce ta, hadda kamar ruwa. Amma a boko, tun daga aji biyu sakamakonta ya fara yin ƙasa. Littafinta cike yake da kuskuren kwafa: malami ya rubuta 38 a allo, ita ta rubuta 88. Ta sha bulala a makaranta a kan haka, ta dawo gida ta sha faɗa. Ni da bakina na sha ce mata, "Ke dai wasa ne ya yi miki yawa." Abin da ba wanda ya tsaya ya tambaya a cikinmu shi ne, ta yaya yarinyar da take haddace shafi guda a kwana biyu za ta kasa kwafar lamba biyu?

Ranar hawan Daushe asirin ya tonu. Mun samu waje a saman wani bene muna kallo, kowa yana nuna dokin da ya burge shi, ana ta ɗaukar bidiyo. Sai Auta ta ja min riga ta ce, "Yaya, ba ni wayarka in kalla a ciki, a nan na fi gani." Na ce ga dawakai a gabanki, me za ki yi da waya? Ta ce ita kaloli kawai take gani suna motsi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Da muka koma gida na tsayar da ita a bakin ƙofar falo na ce ta karanta min kalandar da ke jikin bango. Manyan lambobin ma sai da ta tsuke ido, ta karkata kai, sannan ta yi canke. Ashe Alƙur'ani a hannunta yake, shi ya sa take ganinsa. Allon makaranta kuwa yana can nesa, ita kuma a layin baya take zama saboda tsayinta.

Yaro ba zai ce maka ba ya gani ba

Wannan shi ne abu na farko da likitar ido ta faɗa mana. Babba idan ganinsa ya ragu ya sani, domin ya san yadda yake gani a da. Yaro ba shi da abin da zai kwatanta da shi. Idan tun tasowarsa bishiya dunƙulen kore ce a wurinsa, ɗauka yake kowa ma haka yake ganinta. Shi ya sa ba zai yi ƙorafi ba. Sai dai ka ga alamu: matsowa dab da talabijin, kai littafi kusa da fuska, tsuke ido in zai kalli abu mai nisa, yawan murza ido, ciwon kai bayan an tashi daga makaranta, kwafa daga littafin na kusa da shi maimakon daga allo. Mu kuma sai mu fassara alamun nan da sunayen da muka saba: daƙiƙanci, taurin kai, satar amsa.

Abin da ke damun Auta likitoci suna kiransa mayofiya, wato mutum ya ga na kusa tar, na nesa kuma dishi-dishi. Ga yadda abin yake. A bayan ƙwayar ido akwai wani siririn labule da hoto ke sauka a kansa, daga nan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Idan ƙwayar idon yaro ta yi tsawo fiye da ƙima yayin da yake girma, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu tun kafin ya isa labulen. Kamar dai majigi ne da aka matsar da farin ƙyallensa baya, hoton yana nan amma ya watse. Tabarau shi ke mayar da hoton daidai inda ya kamata ya sauka.

Inda matsalar take shi ne, idon da ya riga ya yi tsawo ba ya komawa. Kuma idan abin ya fara da wuri, yana da shekaru masu yawa a gabansa da zai yi ta ƙaruwa, don yawanci sai wajen shekara ashirin yake tsayawa. Wanda nasa ya yi tsanani yana cikin haɗarin ɓallewar wancan labulen, da hawan jinin ido, da yanar ido tun bai tsufa ba. Ka ga ke nan maganar ta wuce ta sayen tabarau kawai.

Gado ne, ko waya ce?

Tambayar da na fara yi wa likitar ke nan, kuma da nauyin zuciya na yi ta. Domin ni nake miƙa wa Auta waya duk lokacin da ta dame ni ina tsaka da hira a WhatsApp ko kallon TikTok. Ta ce min ba za ta iya ɗora laifin a kan abu ɗaya ba. Gado yana da nasa kason: yaron da iyayensa biyu suke da matsalar ya fi shiga haɗari. Amma gado kaɗai ba zai bayyana abin da ake gani a duniya yanzu ba. Wannan magana ce ta sa na shiga bincike, kuma abin da na tarar ya ba ni mamaki.

A manyan biranen Chaina, Taiwan, Singafo da Koriya ta Kudu, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu kammala sakandare ba sa ganin nesa sai da tabarau. Wani bincike da aka wallafa a 2012 kan samari 'yan shekara 19 a birnin Seoul ya samu kashi 96.5 cikin 100 suna da matsalar. Kakanninsu ba haka suke ba, jini kuwa ba ya canzawa a cikin ƙarni ɗaya. Rayuwa ce ta canza. A 2016 masu bincike suka yi hasashen cewa nan da shekarar 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kasance a wannan hali.

Binciken da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda aka wallafa a 2008. An kwatanta yara 'yan asalin Chaina masu shekara 6 zuwa 7 a birane biyu. A Singafo kashi 29 cikin 100 suna da mayofiya, a birnin Sidni na Ostireliya kuwa kashi 3 ne kacal. Asali ɗaya, kuma yaran Sidni ma sun fi karanta littattafai. Bambancin da aka gano shi ne, yaran Sidni suna yin kusan awa 14 a waje a kowane mako, na Singafo kuwa awa 3.

Daga nan aka gwada abin a aikace. A birnin Guangzhou na Chaina an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 na zama a waje kowace rana, aka bi su shekara uku. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 ne suka kamu a cikinsu, a makarantun da ba a ƙara ba kuma kusan kashi 40. Taiwan ta mayar da abin tsarin ƙasa tun 2010, ana ƙarfafa makarantu su fitar da yara waje na awa biyu kullum, kuma adadin yara masu raunin gani da ya daɗe yana hawa ya fara sauka. Sai ga korona ta zo ta nuna ɗaya ɓangaren. A garin Feicheng na Chaina, bayan kullen 2020, yara 'yan shekara 6 masu mayofiya sun kai kashi 21.5 cikin 100, alhali a shekaru biyar da suka gabata adadin bai taɓa wuce kashi 5.7 ba.

Me hasken waje yake yi? Bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne, haske mai ƙarfi yana sa labulen bayan ido ya saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke taka wa tsawon ƙwayar ido birki. Hasken inuwar bishiya da rana ya ninka na falo mai ƙwan lantarki sau da yawa, ko da idonka bai nuna maka haka ba. To waya ta haɗa illa biyu a lokaci guda: tana riƙe idon yaro a kan abu na kusa na tsawon lokaci, sannan tana zaunar da shi a ɗaki a daidai lokacin da ya kamata yana waje.

Kada ka ce wannan matsalar 'yan Asiya ce

Gaskiya ne a Afirka adadin bai kai nasu ba. Nazarin da aka tattara ya nuna kusan kashi 5 cikin 100 na yaran makaranta ne. Amma ka dubi ranar yaron birni a yau, a Kano ko Kaduna ko Sakkwato. Bakwai da rabi yana aji. Ƙarfe biyu a tashi, wani ma ya zarce lesin. Ya dawo ya ci abinci a tsaitsaye, sai Islamiyya har kusan magariba. Da dare aikin gida, sannan waya. Asabar da Lahadi hadda. Makarantu masu zaman kansu da yawa gidajen haya ne da aka yanka ɗakuna, babu filin wasa, tagar ma ƙarama. Ga tsoron satar yara da ya sa iyaye suka rufe ƙofa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Yara mata abin ya fi shafa, don namiji ko ba komai zai fita ƙwallo.

Mu da muka yi langa da 'yar gala-gala da ɓuya a ƙofar gida, ba mu san rigakafi muke sha ba. Ƙannenmu ba su samu wannan ba, kuma wani ɓangare na dalilin yana cikin aljihunmu.

Namu matsalolin da suka girmi waya

Kada kuma mu ɗora komai a kan sikirin, mu manta da abubuwan da suka daɗe suna cin idon yaranmu, musamman a karkara.

Na farko dundumi. Yaron da da zarar magariba ta yi sai ya fara tuntuɓe da lalube, ba iskoki ba ne, alama ce ta ƙarancin sinadarin bitamin A. Idan aka bar shi, idon yana bushewa, baƙin idon ya yi gyambo, ganin ya tafi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa duk shekara saboda wannan, kuma rabinsu suna mutuwa cikin shekara guda da makancewar. Abin takaicin, maganin yana kasuwar unguwa: manja, zogale, alayyahu, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, ƙwai, hanta. Akwai kuma ɗigon bitamin A da ake bai wa yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 kyauta a makon lafiyar mata da ƙananan yara, sau biyu a shekara. Amma a lura, karas ba ya gyara mayofiya. Mai buƙatar tabarau, ko buhu ya cinye, tabarau dai zai saka.

Na biyu ƙyanda. Tana ƙone ɗan bitamin A da ke jikin yaro, shi ya sa za ka ji an ce wane tun da ya yi ƙyanda idonsa ya tafi. Allurar rigakafinta ana yi a wata 9, a maimaita a wata 15. Tambayi Umma ko an yi wa na goye, ka duba katin da idonka.

Na uku ƙaiƙayin ido. Ka san yaran nan da farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, kullum suna susa, musamman lokacin zafi da ƙura? Abin da aka saba shi ne a je kemis a karɓo maganin ɗigawa. Wasu daga cikin magungunan nan suna ɗauke da sinadarin siteroyid. Suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake komawa a ƙara saya, amma yawan amfani da su ba da kulawar likita ba yana jawo hawan jinin ido da yana. Ganin da hawan jinin ido ya cinye kuwa ba ya dawowa.

Na huɗu, abubuwan da muke zubawa a ido da sunan magani: ruwan sukari, nonon uwa, ruwan ganye, har da fitsari. Jaririn da idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya a satin farko na haihuwa asibiti yake buƙata a ranar, don irin wannan ciwon yana iya huda ido cikin 'yan kwanaki. Kwalli ma da ake ranɗa wa jarirai, na dutsen nan yawanci dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ita kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Bakwaini da zabiya su ma suna buƙatar a duba idonsu da wuri ko ba a ga wata alama ba.

Abu biyu da ba sa jira

Harara-garke ba ado ba ne, ba kuma abin tsokana ba ne. Idan ido ɗaya ya karkace, ko ya fi ɗayan rauni sosai, ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da shi ta dogara da mai kyaun. A hankali idon ya zama ragon ido: lafiyarsa ƙalau a gani, amma bai koyi gani ba. Ana gyara wannan da tabarau da kuma rufe ido mai kyaun na wasu awanni don a tilasta wa ragon aiki. Sai dai maganin ya fi ci kafin shekara bakwai zuwa takwas. "Zai daidaita in ya girma" ita ce maganar da ta jawo wa mutane da yawa asarar ido ɗaya.

Na biyun ya shafe ku kai tsaye, ku masu ɗaukar hoton kowane jariri a gidan suna. Idan ka ɗauki yaro hoto da filasha ka ga tsakiyar baƙin idonsa ya yi fari ko yana ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, musamman ido ɗaya, kada ka sa filta ka wuce. Yana iya zama yanar ido da aka haife shi da ita, yana kuma iya zama kansar ido da ke kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ana warkewa idan an kama ta da wuri, idan aka yi jinkiri kuwa rai take ɗauka. A kai shi wurin likitan ido a satin, ba bayan an gama shawara da dangi ba.

Rigimar tabarau a gidanmu

Gano matsalar Auta bai ba mu wahala ba kamar shawo kan Umma. Da aka ce sai tabarau, cewa ta yi, "Yarinya ƙarama da gilashi? Ai shi ke ƙarasa kashe ido. In ta saba shi ke nan." Likitar ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, takalmi ne yake sa ƙafar yaro girma? In ya matse shi bayan shekara, ƙafar ce ta ƙaru." Ta bayyana mata cewa lambar tabarau tana ƙaruwa ne saboda idon yana girma, ko an saka ko ba a saka ba. Hana yaro tabarau ba ya ƙarfafa ido, karatunsa kawai yake ci.

An ɗiga wa Auta magani, muka jira, aka auna ta, bayan kwana huɗu muka karɓo. Abin da ta fara faɗa da muka fito bakin titi shi ne, "Yaya, ashe daga nan ana ganin ganyen bishiya ɗaya-ɗaya?" Umma ba ta ce komai ba, sai na ga ta juya tana gyara mayafi.

Saura tsokana. Sati na farko ta dawo da kuka an ce mata mai ido huɗu, har ta ɓoye tabaran a jaka. A nan ne na ga amfanin zama babba a gida. Na je makarantar na yi magana da malamarsu cikin ladabi, aka dawo da ita layin gaba. Ku kuma masu yi wa yara dariya a sitatus saboda kaurin gilashinsu, ku sani wasan da kuka yi na minti ɗaya yana iya sa yaro ya ajiye abin da yake gani da shi.

Abin da ke hannunka

Ba sai ka zama likita ba. Yau ɗin nan ka tsayar da ƙaninka kamar taku takwas daga kalanda ko wani rubutu, ka rufe masa ido ɗaya da tafin hannu ya karanta, sannan ɗayan. Ka kwatanta da naka ganin. Wannan ba ya maye gurbin gwajin asibiti, amma zai iya nuna maka akwai matsala. Idan ka ga alama, a je wurin masu auna ido na gaskiya, kada a sayi tabarau a tire a bakin kasuwa, kada kuma a ara na wani. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, kuma asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha suna da sashen ido. Ko ba alama, yana da kyau a duba idon yaro kafin ya shiga firamare.

Ka nema masa awa biyu a waje kullum, ko a rarrabe. Ba cikin tsakar rana ba, ba kuma kallon rana ba: tsakar gida da safe, inuwar darbejiya, ƙofar gida da yamma kana zaune kana kallonsa. In karatu zai yi, shimfiɗa masa tabarma a waje. Idan yana kan littafi ko sikirin, duk minti 20 ya ɗaga kai ya kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20, kuma kada abin ya matso fuskarsa fiye da tsawon kamu ɗaya. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban sikirin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Na san mai wuyar ita ce ta ƙarshe, don waya ita ce hanya mafi sauƙi ta sayen shiru. Ni ma har yanzu ina kokawa da kaina. Amma yanzu in Auta ta dame ni bayan la'asar, tabarma nake ɗauka mu fita ƙofar gida, ita da ƙawayenta suna 'yar carafke, ni ina gefe. Zangon da ya wuce ta zo ta bakwai a aji, daga ta talatin da ɗaya. Bulalar da ta sha ta shekara biyu kuwa ba mai cire mata ita, kuma da ɗayanmu ya tsayar da ita gaban kalanda tun farko, da ba ta sha ba.

Idan ka gama karantawa, tura wa gurup ɗin gidanku. Sannan ka ajiye wayar, ka kira ƙaninka, ka nuna masa kalanda.